Zannuwan Gadon Mama

Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Sunan ya manne mata ne tun tana yarinya, lokacin da mahaifinsu ya rasu ya bar Mama da 'ya'ya mata biyu da tsohon keken ɗinki. Ita ce babba, don haka ita ce mai goyo, mai wanke-wanke, mai tashi idan ƙaramar ta yi kuka. Ƙaramar kuwa, Auta, Allah ya ba ta hannun zane. Tun ba ta iya ɗaure igiyar takalmi ba take zana fuskokin mutane a bayan kwalin sabulu, malamai suna ta kambama ta, har aka ɗauke ta karatu zuwa wata ƙasa mai nisa. Yaya ce ta raka ta tasha, ita ce kuma ta ɗauki jakar.

Ita Yaya makaranta a rabi ta tsaya mata. Ta fara da wankin kayan wata tsohuwa a layinsu, daga wanki aka ce ta riƙa yi mata wanka, daga nan sai ga ta ta zama mai jinya, irin waɗanda ake ɗauka su zauna da mara lafiya a gidansa idan asibiti ya sallame shi, dangi kuma suka gaji. Aiki ne da ba a yi masa kirari. Ka juya mutum kada kwanciya ta huda masa fata, ka ba shi abinci da cokali yana tofo maka, ka canza masa shimfiɗa kana jan sa da hira don kada kunya ta kashe shi. Yaya ta iya abinta. Tana zare zanen gado daga ƙarƙashin ƙaton namiji ba tare da ta tashe shi daga barci ba. Fara'a dai ba ta dame ta ba, kuma ba ta da mantuwa. Wanda ya taka ta yau, komai daɗewa idan ya dawo zai tarar da abinsa a ajiye, ko ƙura bai yi ba.

Ta yi aure, da wani direban babbar mota, mutumin kirki amma mara haƙurin jira. Suna cikin zamansu ɓarin jikin Mama ya shanye. Yaya ta ce za ta je ta kwana biyu ta dawo. Kwana biyun nan ne suka cinye auren, domin direba ya yi ta aike har ya gaji ya daina.

Mama mace ce mai tsafta har ta yi yawa, irin wadda take goge kujera bayan baƙo ya tashi. Ranar da ta fara ɓata shimfiɗa, sai ta juya fuska bango tana hawaye, da bakin nan nata da ya karkace ta ce, “Kada ki bari a gan ni haka.”

Yaya ta riƙe maganar shekara da shekaru. Ba wanda ya isa ya shiga ɗakin Mama sai ta canza shimfiɗa, ta buɗe taga, ta gyara mata ɗankwali. Ko likita ne sai ya jira a falo. Maƙwabta su shigo su fita suna cewa, “Kai, Mama kamar ba mara lafiya ba.” Ba su san wankin da ke jiƙe a bayan gida ba. Zannuwan gadon sun sha aidin, sun sha man gyambo, sun sha abin da ba a faɗa, har tabo ya zauna musu daram. Da sabulu da rana kawai take fama da su, domin bilic, ruwan nan mai ƙarfi na cire tabo, yana cin fatar wanda ke kwance.

Auta takan zo. Kada a yi mata ƙarya, takan zo, da tsaraba niƙi-niƙi. Ta zauna a kujerar gefen gado ta riƙe hannun Mama mai lafiyar, ta ba ta labarin garuruwan da aka gayyace ta. Amma da zarar Mama ta fara mutsu-mutsun nan da Yaya ta san ma'anarsa, sai wayar Auta ta tuna tana da kira. Ta fita tsakar gida, ba za ta dawo ba sai an buɗe taga. Yaya tana gani, tana haɗiyewa, tana ajiyewa.

Da Mama ta rasu, Yaya ta wanke zannuwan wankin ƙarshe, ta ninke su ta zuba a akwatin ƙarƙashin gado. Niyyarta ta ƙone su. Kullum sai ta ce gobe, domin duk lokacin da ta ɗaga murfin akwatin sai hannunta ya mutu. Ta koma aikinta a gidajen mutane, gidan ya zama wurin kwana kawai.

Ana nan sai Auta ta dawo gari da wani babban aiki. Ta daina zane a takarda tuni. Yanzu tufafi take tarawa, a ɗinke su wuri guda, a rataye daga rufin ɗaki har ƙasa, mutane su zo su ratsa ta tsakiya suna kallo suna gyaɗa kai.

“Shanya kenan,” in ji Yaya da aka yi mata bayani. “A kan shanya ake sa ki a jirgi?”

Auta ta yi dariya, ta ce wannan karon a kan masu jinya za ta yi. Tana son tsofaffin rigunan aikinsu, da tawul-tawul, da tsummokaran da suka gaji, kuma tana son su da kansu su ɗinka, don a ga hannuwan da ke ɗauke da marasa lafiyar garin nan ba wanda ya san da su. Maganar ta shigi Yaya, ko da yake ba ta nuna ba. A ranta ta ce wataƙila yarinyar nan ban haƙuri take yi, ta hanyar da ta iya. Ita da kanta ta tattaro abokan aikinta, ciki har da Doguwa, ƙawarta tun farkon shigarsu sana'ar, mace mai dariya kamar ana kwankwasa tukunya.

Wurin wani tsohon sito ne da aka shafe da farin fenti aka mayar zauren nuni. Duk wadda ba ta da aiki a ranar, can za ta nufa. Su baje a ƙasa da allura da zare, ana shayi, ana gulmar dangin marasa lafiya, masu zuwa da ayaba biyu su tafi da hoto. Ranar farko wata ta fara ɗinki mai kyau, ƙanana-ƙanana, sai Auta ta dakatar da ita.

“A'a, Anti, kada ki ƙawata. Ku ɗinka yadda kuke ɗinkawa a wurin aiki. Shi nake so a gani.”

Matan suka kalli juna, suka ce to. Mai jinya ba ta ɗinki don ya dawwama. Rigar katifa, rigar matashi, ledar da ake lulluɓewa da ƙyalle, duk abin da ta ɗinka ta san jibi za a farke shi a wanke. Saboda haka zare ɗaya take ja, dogon taku, ba komawa baya, ta ƙulla a ƙarshe. Ranar wanki a yanke ƙullin a ja, shi kenan ya rabu. Haka suka haɗa kayan gaba ɗaya, Auta tana bin su tana yaba manyan takun zaren, wai suna da gaskiya a cikinsu.

Da aikin ya zo ƙarshe, tsohon da Yaya take jinya jikinsa ya tsananta, ta yi kwanaki ba ta leƙa zauren ba. Sai ana gobe buɗewa ta samu wadda za ta riƙe mata, ta taho da hantsi, ko rigar aiki ba ta cire ba.

Gaskiya abin ya yi kyau, kuma Yaya ba ta musa ba. Rigunansu ne, shuɗi da kore da waɗanda launinsu ya gudu, an ɗaga su sama sun zama bango biyu, da hanya a tsakiya. Aljihunan sun saki saboda ɗaukar safar hannu da ma'aunin zafi. Ga rigar Doguwa mai ƙunar dutsen guga, ga tata mai yagaggen wuya inda wani tsoho ya taɓa cakumarta. Ƙamshin sabulu ya cika wurin. Ta bi hanyar a hankali, ta ji wani alfahari da ba ta saba da shi ba.

A ƙarshen hanyar ne ta tsaya cak. An rataye zannuwan gado a jere, an kunna fitila mai ƙarfi a bayansu, yadda kowane tabo ya fito raɗau. Ba sai an gaya mata ba. Ta san mai ɗigon furanni, ta san mai facin da ta yi da hannunta a gefe. Auta tana da makullin gida, kuma ta san inda akwati yake.

Auta tana tsaye a gaban zannuwan da mutum biyu, shugaban zauren da wata 'yar jarida, tana nuni da bakin biro.

“Nan kafaɗarta take sauka. Nan ƙugunta. Wannan rawayan kuwa, kun dai gane. Mahaifiyata ce.” 'Yar jaridar ta ɗaga waya, Auta ta tare ta da murmushi. “Hoto sai gobe, idan an buɗe.”

Sai ta hango yayarta. Ta taho da sauri ta rungume ta, idonta har da ƙwalla. “Yaya, so na yi in ba ki mamaki. Don ke na yi wannan.”

“Kin kuwa ba ni,” in ji Yaya. “Wa ya ba ki su?”

“Haba Yaya, ai na Mama ne. Namu ne duka.”

Yaya ta yi murmushi. Doguwa, da ke can gefe tana tsince zare a ƙasa, ta ga murmushin, ta ajiye abin da ke hannunta. Ta san shi. Shi Yaya take yi wa ɗan mara lafiya idan ya zo ya ce an bar ubansa da ƙazanta.

Abin da ke cin Yaya a lokacin ya wuce ɓacin rai. Duk shekarun da ta yi tana tare ƙofa da jikinta, duk wankin da ta ɓoye, auren da ya tafi, bayanta da ya ƙage, ashe tanadi take yi wa wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga ƙafar Mama ba, don ta zo ta haska fitila ta nuna da biro. Gobe gari zai cika wurin nan. Maƙwabtan da suke cewa Mama kamar ba mara lafiya ba za su zo su gani, su ɗauka a waya, su tura wa na nesa.

Da ta so, da ta ja Auta gefe ta ce ta sauke. Ta san ƙanwarta, za ta yi kuka, ta yi dogon bayani, a ƙarshe ta sauke, ta nemo wani abu ta rataya, gobe a tafa mata. Yaya ba ta son haka. So take ta rama. So take Auta ta wayi gari abin da ta dogara da shi babu, ga mutane suna zuwa, ba kuma wanda zai shigo ya gyara mata. Ta ji daɗin tunanin har cikin ƙashinta, ba ta kuma nemi tsari daga gare shi ba.

Bayan azahar Auta ta tafi gidan rediyo hira, shugaban zauren ya raka ta. Aka bar matan suna share-share. Doguwa ta matso.

“Wallahi Yaya ban san na Mama ba ne. Mu muka ɗinke su a jikin igiyar ratayewa shekaranjiya. Cewa ta yi na wata tsohuwa ce.”

“Ai ba ta yi ƙarya ba. Wane irin ɗinki kuka yi?”

“Irin namu mana.”

“To ɗauko min tsani.”

Doguwa ta ɗaga kai. Ta kalli rigarta da ke rataye can sama. Ta riga ta gaya wa 'ya'yanta su zo gobe su gani, har ta sayi sabon takalmi. “Namu fa?”

“Ba abin da zai taɓa naku.”

Doguwa ta je ta jawo tsanin, ta riƙe shi da hannu biyu. Sauran matan ba wadda aka yi wa bayani. Sun ji sunan Mama, sun kalli zannuwan, sun fahimta, domin kowaccensu tana da wanda ta taɓa rufa wa asiri. Sai suka koma bakin hanyar suka jeru da tsintsiya, suka ba tsanin baya, suna share wurin da aka riga aka share.

Yaya ta hau, gwiwoyinta suna ƙara. Ta ciro ɗan almakashin da ba ya barin aljihunta, ta laluba ta sami ƙullin, ta datse, ta ja. Zaren ya taho salin alin, zanen farko ya sulale ƙasa. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin shayin da aka zuba mata ya huce, ƙarshen hanyar ya zama fili, sai fitila tana haska bango. Ta dunƙule zannuwan yadda ake dunƙule na wanki, mai tabo a ciki, ta ɗaure bakin, ta saɓa a kafaɗa.

Akwai maigadi a ƙofa, wanda aka ja wa kunne kada ko allura ta fita. Ya ga mace cikin rigar aiki da ƙunshin wanki. Ya miƙe da sauri ya buɗe mata ƙofa har da riƙewa.

“Sannu da aiki, Inna.”

“Yauwa, sannu ɗana.”

A hanya ta tsaya a kanti ta sayi bilic, babbar jarka. Da ta isa gida ta jawo babban bahon, ta zuba zannuwan, ta tuttule jarkar a kansu, ruwan da ta ƙara bai taka kara ya karya ba. Yanzu ai babu fatar da za a ji wa tsoro. Warin ya sa ta tari, idonta ya yi ja, ta sa sanda tana dannawa tana juyawa. Wayarta ta fara ruri tun kafin magariba. Ta duba ta ga mai kiran, ta kife ta a kan tebur, ta ci abincinta a natse. Rabon da ta yi barci mai daɗi irin na ranar har ta manta.

Da safe tana tsugune gaban bahon aka turo ƙofa. Auta ce, cikin kayan da ta tanada don buɗewa, idanu a kumbure. Ta tsaya a tsakar gida, warin ya gaya mata komai tun kafin ta ƙaraso.

Yaya ba ta ɗago ba. Ta sa hannu ta kamo gefen zane ta ɗaga. Tabon ya tafi, babu ko alama. Amma tsohon yadi ne da ya sha wanki, bai iya ɗaukar abin da aka yi masa ba. Tun bai gama fitowa daga ruwa ba ya rabe biyu da nauyin kansa. Ta kamo wani, ya narke mata a yatsu. Ba ta yi zaton abin zai kai haka ba, amma ta ci gaba da tsamowa tana matsewa tana tarawa a gefe.

“Yaya, me kika yi?”

“Wanki.”

“Da yamma za a buɗe. An gayyaci mutane daga ko'ina. Shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, me zan nuna musu?”

“Rigunanmu suna nan. Ba cewa kika yi don mu kika yi ba?”

Auta ta durƙushe a kan siminti, ta manta da kayan jikinta. Ta ɗauki wani ɗan yanki mai ɗigon furanni, wanda yanzu furannin ma sun gudu, ta riƙe shi a tafin hannu. Da ta yi magana, ba maganar zaure ta yi ba.

“Ban taɓa iya taɓa ta ba, Yaya. Duk zuwan da na yi tsoro nake ji. In na ga ta fara motsin nan sai in ji numfashina zai ɗauke. Waɗannan kaɗai suka rage da jikinta ya kwanta a kai. Na ɗauka in na rataye su, na tsaya a gabansu, kamar na tsaya ne a inda na gudu.”

Yaya ta ji tausayi ya motsa mata, tsohon tausayin nan na mai goyo, wanda ke tashinta tun kafin ƙaramar ta gama buɗe baki. Ta san idan ta bar shi, yanzun nan za ta share wa Auta hawaye, ta shiga ɗaki ta nemo mata abin ratayawa, ta bi ta har zauren da allura. Sai ta danne shi da ƙarfi.

“Ni ma na ji tsoro,” ta ce. “Sai dai ni ba ni da Yaya.”

Ta tsame yanki na ƙarshe. Abin da ya rage a bahon ruwa ne mai kauri, ruwan toka-toka, zare yana yawo a kai. Ta miƙe tana dafa ƙugu, ta nuna shi da haɓa.

“Abin da kika haska wa fitila yana cikin nan, duka. Tunda kin ce namu ne duka, ɗauki.”

Auta ta kalle ta, ta ga ba wasa. Ta sunkuya ta kama bahon ta gefe biyu, ta yunƙura. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ruwan ya yi tangal-tangal ya fallatsar mata a gaban riga, nan take wurin ya fara fari. Ta miƙe da shi da ƙyar, ta rungume shi a ciki, ta juya dama, ta juya hagu. Ko ita ta san ba a zubar da irin wannan ruwa a magudanar tsakar gida, inda ake wanke kwanuka. A gidan nan aka haife ta, amma ta tsaya tana waige-waige.

“Yaya, ina ake zubarwa?”

Yaya ta jawo 'yar kujera ta zauna. Ta ɗauraye hannu, ta goge, ta buɗe kwalbar mai ta shiga shafawa a yatsunta da bilic ya ci, ɗaya bayan ɗaya. Nauyin ya fara rinjayar Auta, ruwan yana taɓa bakin bahon.

“Yaya, don Allah. Ya yi nauyi.”

“Riƙe tukuna,” in ji Yaya. “Ai yanzu kika ɗauka.”